Yadda Ake Kafa Intanet Mai Sauri a Ƙauye: Daga Awon Sabis Zuwa Ɗora Eriya da Sola

Masu shagon POS, malaman makaranta da ma'aikatan ƙananan asibitoci daga ƙauyukan Kano da Jigawa suna yawan yi mini tambaya iri ɗaya: "Malam, wace rawuta zan saya ta kawo mini sabis mai ƙarfi?" Amsata kullum ita ce kada a sayi komai tukuna. Rawuta ba ta ƙirƙirar sabis, wanda yake yawo a saman garinku shi take kamowa ta raba muku. In aka ɗora ta inda sabis yake, aka ba ta wutar da ba ta yankewa, mai sauƙin kuɗi ma za ta biya buƙata. In kuwa aka ajiye ta a ƙuryar ɗakin ƙasa ƙarƙashin rufin kwano, ko ta nawa ce ba za ta tsinana komai ba. Shi ya sa nake roƙon a bi matakan nan yadda na jera su, kada a tsallake na farko don ɗokin zuwa kasuwa.

1. Auna sabis kafin ka taɓa aljihunka

Ka nemi waya mai 4G da layukan duk kamfanonin da ake kamawa a yankinku: MTN, Airtel, Glo, da duk wanda ya samu. Ba sai ka sayi sababbi ba, ka ara a wajen 'yan'uwa da maƙwabta na yini biyu ko uku.

Kada ka yarda da sandunan nan da ke saman fuskar waya. Kowane kamfanin waya da yadda yake zana su, wata wayar za ta nuna maka sanduna huɗu a inda wata take nuna biyu. Lambobi za ka duba. A yawancin wayoyin Android, in ka shiga saitin waya, ka je wurin bayanin waya, sannan bayanin layi, za ka ga ƙarfin sabis da lamba mai alamar ragi a gabanta, da dBm a bayanta. Wasu wayoyin suna buɗe shafin in ka danna *#*#4636#*#*, na Samsung kuma *#0011#. Mafi sauƙi shi ne ka sauke manhaja irin su NetMonster ko Network Cell Info Lite, su nuna maka komai a shafi ɗaya.

Lambobi biyu ne za su yanke maka hukunci. Ta farko RSRP, wato ƙarfin sabis ɗin. Da yake da alamar ragi take zuwa, ƙaramar lamba ita ce mai kyau: -80 sabis ne mai ƙarfi ƙwarai, -90 mai kyau ne, -100 za a iya lallaɓawa, daga -110 zuwa gaba kuwa wahala ce. Ta biyu SINR, wato tsaftar sabis ɗin, yadda ya fita daga hayaniyar sauran turaku, wato dogayen ƙarafan kamfanonin waya masu ba da sabis. Ita babbar lamba ake so: daga 13 zuwa sama ya yi kyau, 20 ya kai maƙura, in ta yi ƙasa da 0 kuwa intanet zai riƙa tsinkewa ko da sanduna sun cika. Mutane da yawa suna bin RSRP kaɗai su manta da SINR, alhali sau da yawa ita ce take bambanta intanet mai gudu da mai rarrafe.

Yanzu ka ɗauki littafi da biro. Ka auna a cikin ɗaki, ka auna a tsakar gida, ka hau katanga ko soro ka auna, sannan ka je wuri mafi tsawo da za ka iya samu kusa, kamar benen makaranta ko gindin tankin ruwa. A kowane wuri ka tsaya minti biyu lambar ta zauna, ka rubuta ta, sannan ka gwada gudun intanet da manhajar Speedtest ko shafin fast.com. Ka rubuta gudun saukewa da na ɗorawa duka. Mai aika takardu da hotuna, kamar ma'aikacin asibiti mai tura rahoto, gudun ɗorawa ne ya fi shafarsa.

Gargaɗi: gwajin gudu yana cin data sosai, musamman inda sabis yake da kyau. Ka sa data ta musamman domin wannan aiki, kada ka yi ta maimaita gwaji ba dalili.

Abin da ya fi kowanne muhimmanci a nan shi ne lokaci. Ka auna bayan asuba, ka auna da rana, ka kuma auna bayan isha'i, lokacin da duk samarin gari suke kan waya. Turke ɗaya ne yake ɗaukar kowa, gudun da ka gani da asuba ba shi za ka samu da dare ba. In garinku yana kusa da babbar kasuwa, to lallai ka auna ranar kasuwa: Alhamis ga na kusa da Maigatari, Juma'a ga na Wudil, Lahadi ga na Gujungu da Dambatta. Mai POS da bai yi wannan ba zai tarar da na'urarsa ta tsaya a ranar da ya fi buƙatarta. In lambobinka suna da kyau amma gudu ya faɗi da dare, cunkoso ne, kuma babu eriyar da take maganin cunkoso sai dai a sauya kamfani ko a juya zuwa wani turken.

Gargaɗi ga mutanen bakin iyaka, irin su ƙauyukan Maigatari, Babura da Sule Tankarkar: waya kan tsallaka ta kama sabis ɗin Nijar ba ka sani ba. Ka kashe yawon ƙetare a saitin data, ka zaɓi kamfaninka da hannu, in ba haka ba awonka zai zama na banza, kuɗinka kuma ya tafi.

2. Gano inda turken yake

Wannan ba ya ɗaukar lokaci. Masu babur ɗin haya sun san inda kowane turken sabis yake, ka tambaye su. Da dare jar fitilar da ke kansa tana nuna shi daga nesa. Abin da kake son sani shi ne ɓangaren da yake, da abin da ke tsakaninku da shi. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Haɗejiya da Gumel, itatuwa ne kawai abokan gaba, 'yan mitoci kaɗan na tsawo sun isa. A wurare masu duwatsu irin su kewayen Dutse, Birnin Kudu, Kazaure da Rano, dutse ɗaya kan tare turke na kusa gaba ɗaya, sai ka ga na nesa da ke fili ya fi shi amfani.

Ka tuna cewa awon rani ba shi ne na damina ba. Ganye mai ruwa yana shanye sabis, darbejiya da mangwaro da tsamiya in suka yi duhu sai lambobi su sauka. Gawo ne kaɗai yake saɓa wa 'yan'uwansa, shi da rani yake ganye, da damina ya kaɗe. Ka dubi irin itatuwan da ke gabanka ka ƙara wa sandarka tsawo saboda lokacin da za su cika.

3. Zaɓi na'urar da ta dace da lambobinka

Littafin awonka ne zai zaɓa maka.

In a cikin ɗaki, kusa da taga, kana samun -95 ko abin da ya fi haka kyau, rawutar cikin gida mai ɗaukar layi ta ishe ka. Ita ce mafi araha. 'Yar ƙaramar nan ta aljihu, MiFi, ta tafiya ce. In aka bar ta a caji dare da rana cikin zafin bazara, batirinta kumbura yake yi. Kada ka gina shago a kanta.

In ɗaki babu sabis amma a kan katanga ko soro akwai, hanya biyu ce. Ko dai rawuta mai ƙofofin eriya a bayanta, ka haɗa ta da eriyar waje, ko kuma rawutar waje wadda eriya da mazaunin layi duk suna cikin akwati ɗaya da ake ɗorawa a kan sanda, irin waɗanda MikroTik, Huawei da ZTE suke ƙerawa. Ni ta biyun nake zaɓar wa duk wanda zai iya kuɗinta, kuma ga dalili. Wayar eriya tana zubar da sabis a kowace mita, siririyar ta fi zubarwa; in ka ja ta mita goma sha biyar, abin da eriyar ta kamo ya kusa ƙarewa a hanya. Rawutar waje kuwa tana juya sabis ɗin ya zama intanet tun a can sama, sannan ya sauko ta wayar kwamfuta wadda take iya kai mita 100 ba tare da asara ba. In dai eriyar daban za ka saya, kada wayarta ta wuce mita biyar zuwa goma, ta kasance mai kauri, kuma ka sayi eriya mai wayoyi biyu domin 4G da hanyoyi biyu yake aiki. Ka duba bakin ƙofar rawutarka, SMA ne ko TS9, kafin ka biya.

Kowace za ka saya, ka karanta jikin kwalin ka tabbatar tana ɗaukar zangunan sabis, wato hanyoyin iska da yake bi, waɗanda ake amfani da su a Najeriya, aƙalla B3, B7, B20 da B28. Na 700 da 800, wato B28 da B20, su ne suke tafiya nesa suna ratsa itatuwa, su ne abin dogaron ƙauye. Na 1800 da 2600, wato B3 da B7, sun fi gudu amma ba sa nisa. Rawutocin da aka kwaso na hannu daga Amurka sau da yawa ba sa ɗaukar waɗannan, ko da mai shago ya rantse maka cewa 4G ce. Ka kuma tambaya ko a kulle take. Waɗanda kamfanonin layi suke sayarwa sun fi sauƙin kuɗi amma layinsu kaɗai suke ɗauka. In awonka ya nuna kamfani ɗaya ya yi wa saura nisa, babu laifi ka sayi tasu. In sun yi kusa da juna, buɗaɗɗiya ta fi.

Maganar 5G: MTN ta fara shi a 2022, birnin Kano yana cikin biranen farko da aka kai wa. Amma zangon da yake aiki a kai ba ya nisa, saboda haka kada ka biya kuɗin rawutar 5G sai ka ga 5G ɗin da idonka a wayar da take ɗaukarsa, a nan inda za ka kafa.

Gargaɗi: za a tallata maka na'urar ƙara ƙarfin sabis da ake kira busta. Hukumar NCC mai kula da harkar sadarwa ta hana mutane kafa ta da kansu, kamfanoni masu lasisi kaɗai aka yarje wa, domin tana dagula wa turke aiki ta ɓata wa maƙwabta sabis. Eriyar waje da ke haɗe da rawuta ba ta cikin wannan hani.

In ka zagaye ko'ina babu 4G ko kaɗan, sauran hanyar ita ce tauraron ɗan'adam. Starlink ya fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023, ba ya buƙatar turke, sararin sama kawai yake so. Sai dai kuɗin kayansa da na wata-wata sun fi ƙarfin mutum ɗaya a ƙauye, kuma yana cin wuta ninkin rawuta sau da yawa. Ya fi dacewa da makaranta, asibiti ko ƙungiyar da za ta yi karo-karo.

4. Kayan da za ka haɗa, da inda kuɗin yake tafiya

Bayan rawutar, za ka buƙaci bututun ƙarfe na ruwa mai tsawon mita shida, maɗauran ƙarfe da notina, wayar ɗaure sanda, wayar kwamfuta Cat6 ta waje da kawunanta, salatif ɗin roba mai hana ruwa, farantin sola, kwantirola mai daidaita cajin batir, batir, fiyus, da sandar jan ƙarfe ta binnewa a ƙasa da wayarta mai kauri. Kayan aiki kuwa tsani, sifana, filaya, sukudireba, da mitar awon wuta. Mai walda zai yi maka mariƙin sanda, mai wayarin ya taya ka haɗa wuta.

Farashin waɗannan kaya yana bin dala, saboda haka ka tambayi shago uku kafin ka biya. A Kano ana samun rawutoci a kasuwar waya ta Farm Centre da ta titin Beirut, kayan sola kuma a Sabon Gari. Abin da ya kamata ka sani tun daga gida shi ne cewa batir da rawutar waje su ne za su cinye mafi yawan kuɗinka, sai farantin sola, sannan sanda da ladan masu aiki. Inda mutane suke yin rowa su yi da-na-sani wuri biyu ne: batir da waya. Akwai wayar kwamfuta mai araha da cikinta gorar ruwa ce, wato alminiyam, aka shafa mata jan ƙarfe. Ka kankare sili ɗaya da reza a gaban mai shago, in ciki ya fito fari ka ajiye masa kayarsa. Irin wannan tana karyewa, kuma ba ta kai wuta sama yadda ya kamata.

Ka tafi da layinka shagon, a sa shi a rawutar a kunna a gabanka, ka karɓi rasit da sharaɗin canji.

5. Shirya layi da rawuta tun a ƙasa

Layin ya kasance an yi masa rajista da lambar NIN ta mai shi. *996# yana nuna maka matsayinsa. Ka sa shi a waya tukuna, ka cire masa lambar kulle in yana da ita, ka haɗa lambarsa da manhajar kamfanin a wayarka. Wannan ƙaramin aiki ne amma yana hana hawa sanda duk wata: da zarar layin ya hau sama, ta manhajar za ka riƙa saya masa data kana duba ragowarta.

Sa layin a rawutar tana kashe, sannan ka kunna. Ka haɗa wayarka da Wi-Fi ɗinta da sunan da kalmar sirrin da ke rubuce a ƙasanta. Buɗe burauza ka rubuta adireshin da ke wannan takardar, yawanci 192.168.8.1 ko 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Galibi intanet yana zuwa da kansa. In bai zo ba, ka duba APN, wato sunan ƙofar shiga intanet ta kamfanin, a saitin rawutar: na MTN web.gprs.mtnnigeria.net, na Airtel internet.ng.airtel.com, na Glo kuma gloflat.

Nan take ka sauya kalmomin sirri guda biyu, ta shiga shafin rawutar da ta Wi-Fi. Ka zaɓi tsaro na WPA2 ko WPA3, ka kashe WPS. Kada kalmar ta zama lambar wayarka ko sunan ɗanka, su ne farkon abin da yaran unguwa za su gwada. Ka rubuta su a littafin awonka ka adana.

6. Wuta

A mafi yawan ƙauyukanmu ba a gina lissafi a kan wutar NEPA, saboda haka da sola za mu yi lissafi. Rawuta ɗaya tana cin kimanin wat 10. A awa 24 ya zama wat-awa 240. In ka raba da bolt 12 na batir, ka sami amfiya-awa 20 a yini. Batirin ruwa ko na jel ba a so a sha fiye da rabinsa in ana so ya daɗe, don haka 40Ah ne mafi ƙanƙanta. Ka ƙara tanadin ranar hadari ko hazo, sai ka tsaya a 100Ah hankalinka kwance. Batirin litiyam ya fi tsada amma ana shan kaso mafi yawa na cikinsa, ya kuma fi daɗewa. Farantin sola na wat 100 yana mayar da abin da rawutar ta sha a yini da hasken ranar ƙasarmu. In za ka ƙara wata na'urar raba Wi-Fi, ka ƙara nata wat ɗin a lissafin tun daga farko.

Batirin mota ba na wannan aiki ba ne. An yi shi ne don ya ba da wuta mai yawa na ɗan lokaci, jan wuta a hankali dare da rana yana kashe shi cikin watanni.

Ka fuskantar da farantin kudu, ka karkata shi kaɗan, kamar digiri 12 zuwa 15, inda inuwar bishiya ko ta sandar eriya ba ta faɗa masa. Wajen haɗawa, batir ake fara haɗawa da kwantirola, sannan faranti. Wajen kwancewa kuma faranti ake fara cirewa. Ka sa fiyus a wayar batir, kusa da kansa.

Ba ka buƙatar inbata in rawuta kawai za ka kunna, domin ita kanta inbatar tana shan wuta a banza. Yawancin rawutocin gida da bolt 12 suke aiki, amma kada ka haɗa kai tsaye: batir yana haura bolt 14 lokacin caji. Ka sa 'yar na'urar daidaita wuta mai fitar da 12 cif.

Gargaɗi: rawutar waje ta cikin wayar kwamfuta take karɓar wuta, tsarin da ake kira PoE. Wasu bolt 24 suke so, wasu 48. Ka karanta jikinta, ka sayi na'urar ɗaga wuta daidai da lambar. In ka ba mai son 24 wuta ta 48, a take za ta ƙone, kuma babu mai shagon da zai karɓa.

Batir da kwantirola su zauna a inuwa, inda iska take shiga, a kan benci ba a ƙasa ba. Ga mutanen bakin kogi irin su Auyo, Kafin Hausa da Guri, a ɗaga su sosai saboda ambaliyar Agusta da Satumba. Kuma a yi yarjejeniya da mutanen gida cewa wannan batirin ba na cajin waya da kallon ƙwallo ba ne. Yawancin ƙorafin "intanet yana ɗaukewa da tsakar dare" daga nan yake.

7. Kafa sanda

Kafin kowa ya taka tsani, a aika yaro ya sanar da maƙwabta cewa za a hau sama, domin iyali su kimtsa. Daga kan soro ana hango tsakar gidajen mutane, kuma rashin wannan sanarwa ya isa ya jawo saɓanin da ya fi intanet ɗin tsada. In a kan tankin ruwan gari ko ginin makaranta za a ɗora, a nemi izinin mai unguwa ko dagaci da shugaban wurin.

Gargaɗi, kuma wannan maganar rai ce: ka ɗaga kai ka duba wayar lantarki kafin ka miƙe da bututun ƙarfe. Ko da an shekara babu wuta a cikinta, ka ɗauka akwai. Sandar ta yi nisa da ita fiye da tsawonta, yadda ko ta faɗi ba za ta taɓa ba. Kada a yi aikin in hadari ya haɗo, kada kuma mutum ɗaya ya yi shi.

Katangar ƙasa ba ta riƙe noti. In ginin na ƙasa ne, a haƙa rami kusa da bango a dasa sandar da siminti. In na bulo ne, mariƙa biyu a jikin bango sun isa. Sandar da ta haura rufi da fiye da mita uku tana buƙatar wayoyin ɗauri uku zuwa ɓangarori uku, domin iskar farkon damina da take yaye kwano ba za ta bar ta ba.

A binne sandar jan ƙarfe a wuri mai danshi, a haɗa ta da gindin sandar eriya da waya mai kauri, gajeriya, marar lanƙwasa. Wannan yana rage ɓarnar tsawa, amma ba ya kawar da ita. In ana tsawa mai ƙarfi, cire wayar da ta sauko daga sama shi ne mafi aminci. A naɗe duk mahaɗar waya da salatif ɗin roba. Inda wayar za ta shiga ɗaki, a sake ta ta yi ɗan lanƙwaso ƙasa kafin ramin, ruwan sama ya ɗiga a waje maimakon ya bi ta zuwa cikin na'ura.

8. Juya eriya

Eriya mai fuska ɗaya kamar tocila take, inda ta haska nan kaɗai take gani. Mutum biyu ake buƙata: ɗaya a sama yana juyawa, ɗaya a ƙasa yana kallon RSRP da SINR a shafin rawutar. A fara da fuskantar turken da aka gano. A juya kaɗan, kamar faɗin yatsu biyu, a saki, na sama ya kauce daga gaban eriyar, a jira daƙiƙa talatin lambar ta zauna, a rubuta. A yi haka dama da hagu har a zagaye, domin wani lokaci turken da ba ka sa rai da shi ba ne zai fi ba da gudu. In wuri ɗaya ya fi ƙarfi, wani kuma ya fi tsafta, a gwada gudun duka biyun. Galibi mai SINR mai kyau ne yake cinyewa. Sai an gama sannan a ɗaure notina tamau, a sake duba lambar, domin ɗaurin kansa yana gusar da eriya. A yi alama da fenti a jikin sandar, in iska ta juya ta a san inda za a mayar.

In rawutar tana ta sauka zuwa 3G, ka kulle ta a 4G kaɗai a saitinta. In tana ba da damar zaɓar zango, ka gwada su ɗaya bayan ɗaya da dare.

9. Raba shi a gida, da kai shi wani gini

Wi-Fi iri biyu ne, 2.4 da 5. Na 2.4 ya fi ratsa bango, na 5 ya fi gudu a kusa. Bangon ƙasa mai kauri da ƙofar ƙarfe suna tare duka biyun, saboda haka ka rataye na'urar a sama, a zaure ko baranda mai kallon tsakar gida, ba a cikin akwati ko bayan firji ba. Kada ka manna ta da kwano: a watannin Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40 a inuwa ma, kuma rawutar da ta yi zafi tana rage gudu ko ta riƙa kashe kanta.

In ginin da kake son kai wa bai wuce mita 100 ba, ja waya cikin bututun roba ka binne, ya fi komai tabbas. In ya fi haka, kamar daga shago zuwa makarantar bayan gari, sai a sa na'urori biyu masu kallon juna, irin su TP-Link CPE510 ko Ubiquiti NanoStation. Dole su ga juna ido da ido, kuma ganin bai tsaya a siririn layi ba. A nisan kilomita ɗaya, ana so tsakiyar hanyar ta sami sarari na aƙalla mita biyu da rabi tsakanin layin da kan bishiya ko rufi. Kowane ɓangare kuma da nasa batirin.

Gargaɗi: karo-karo tsakanin maƙwabta daban, sayar wa jama'a intanet a matsayin sana'a daban. Na biyun yana buƙatar lasisin NCC, kuma wasu tsare-tsaren data sun hana sake sayarwa. Ka bincika kafin ka buga allo.

10. Data

Kafawa sau ɗaya ake yi, data kuwa duk wata ce, kuma ta ƙara tsada tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Tsarin data na rawuta ya fi na waya araha a kan kowace giga. A duk kamfanonin, *312# ne na sayen data, *323# na duba ragowa. Tsarin da ake cewa ba ya ƙarewa yana da iyakar da in ka kai za a rage maka gudu, ka tambayi wannan iyakar kafin ka saya.

Bidiyo ne yake cinye data. Awa ɗaya ta kallo a matsakaicin haske tana cin kusan rabin giga, mai haske sosai kuma ya haura giga. Wayoyi da kwamfutoci in suka ga Wi-Fi sai su ɗauka kyauta ne, su fara sabunta kansu da tura hotuna. Ka shiga saitin kowace ka nuna mata cewa wannan Wi-Fi ɗin na awo ne. A shafin rawutar ka iyakance yawan masu shiga, ka riƙa duba jerin sunayen wayoyin da ke kai. In kuna karo-karo, a ce datar wata ta kama naira 30,000 ku goma, kada kowa ya ba da 3,000 cif. A ɗora wani abu a kai a riƙa ajiyewa, domin ranar sauya batir tana nan tafe.

11. In ya tsaya

Ka bi daga ƙasa zuwa sama. Fara da batir, ka auna shi da mita. In ya sauka ƙasa da bolt 12 da safe, matsalar wuta ce, kuma a lokacin hunturu yawanci ƙura ce ta rufe faranti. Goge shi da tsumma mai laushi da ruwa, da sassafe kafin ya yi zafi, aƙalla sau ɗaya a mako. In wuta lafiya, duba ragowar data. In akwai data, buɗe shafin rawutar ka kwatanta lambobin yau da waɗanda ka rubuta ranar kafawa. In sun faɗi sosai, ko iska ta juya eriya ko ruwa ya shiga mahaɗa. Kada ka danna ɗan maɓallin nan na cikin rami da ke mayar da rawuta sabuwa sai ka rasa yadda za ka yi, domin yana goge duk saitin da ka yi.

In wayoyin gari duka na wannan kamfanin sun rasa sabis, matsalar daga turke ce, ko injinsa ya tsaya ko an tsinka wayar ƙarƙashin ƙasa a wajen aikin hanya. Ka kira 300 ka shigar da ƙorafi, ka karɓi lambar ƙorafin ka rubuta. In kwanaki suka wuce ba a gyara ba, ka kira 622, layin NCC na kyauta, ka ba su wannan lambar da sunan garinku da ƙaramar hukumarku.